Ciwon hanji da ƙagewar ƙashin baya: Yadda ƙananan halittun cikinmu suka haɗa cututtuka biyu

Ciwon baya ya zama ruwan dare a tsakanin ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa. Mai zaman kujera daga safe zuwa yamma yana kuka da shi, haka ma mai ɗaga dilar atamfa ko buhun shinkafa. Akasarin irin wannan ciwo na gajiya ne, idan mutum ya huta sai ya lafa. Amma akwai wani nau'in da hutu ke ƙara tsananta shi. Yakan kama matashi tun kafin ya kai shekara 40, ya tashe shi daga barci a sulusin dare na ƙarshe, da safe kuma bayansa ya ƙage har tsawon rabin awa ko fiye, ba ya sakewa sai ya yi ta zirga-zirga. A wasu lokutan mai wannan ciwo yana kuma fama da gudawa mai jini da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ana ta ba shi maganin basir ko na atini.

A idon majinyaci waɗannan matsaloli biyu ne da babu abin da ya haɗa su. Likitoci kuwa sun shafe shekaru da dama suna lura da cewa suna yawan zuwa tare, kuma binciken da aka yi ta gudanarwa yana nuni ga wani abu da ke tsakaninsu, wato tarin ƙananan halittun da ke rayuwa a cikin hanjin ɗan Adam.

Cututtukan da ake magana a kansu

Ta ɓangaren ciki, akwai manyan cututtuka biyu da ake haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, kumburin hanji mai daɗewa. Ta farko ita ce cutar Kuron, wadda ta samo sunanta daga Dokta Burrill Crohn na asibitin Mount Sinai da ke birnin New York a Amurka. Shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a shekarar 1932. Tana iya kama kowane sashe na hanyar abinci daga baki har dubura, amma ta fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana ratsa bangon hanjin gaba ɗaya. Ta biyu ita ce kolaitis mai gyambo, wadda ke farawa daga dubura ta haura babban hanji, tana cin shimfiɗar ciki kawai. Dukkansu ba a ɗaukar su daga wani mutum. Garkuwar jiki ce ke kai wa hanji farmaki ba ƙaƙƙautawa. Wani ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a shekarar 2017 kimanin mutum miliyan 6.8 ne ke fama da su.

Ta ɓangaren baya kuwa, cutar ita ce wadda likitoci ke kira ankilosin sufondilaitis, wato amosanin da ke ƙage ƙashin baya. Tana farawa ne a gaɓoɓi biyu da suka haɗa gindin ƙashin baya da ƙashin ƙugu, shi ya sa majinyaci ke jin ciwon a kwankwaso da ɗuwawu, yau dama gobe hagu. Kumburin ya fi kama wuraren da jijiyoyi ke manne da ƙashi, kamar dunduniya. Idan ya daɗe, jiki yakan yi ta ƙirar sabon ƙashi a inda ya lalace, har ƙasusuwan baya su haɗe su zama kamar sandar gora, mutum ya ranƙwafa ya kasa waiwaye. Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu cutar sukan gamu da kumburin ido mai zafi da ja, wanda ke buƙatar ganin likitan ido cikin gaggawa.

Yadda aka gano suna tafiya tare

Alƙaluma ne suka fara ja hankalin masana. Daga cikin masu ƙagewar ƙashin baya, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 suna da cutar Kuron ko kolaitis a bayyane, adadin da ya ninka na sauran jama'a sau da yawa. Daga cikin masu kumburin hanji kuma, kimanin kashi 3 cikin 100 suna da cikakkiyar ƙagewar ƙashin baya, wajen kashi 10 kuma suna da kumburi a gaɓoɓin ƙugu.

Babban abin mamaki ya fito ne daga birnin Ghent na ƙasar Beljiyam. Tun daga shekarun 1980, likitoci biyu, Herman Mielants da Eric Veys, suka riƙa leƙa hanjin masu wannan nau'in amosani da na'ura, har da waɗanda ba su taɓa kukan ciki ba, suna gutsuro ɗan ƙaramin nama domin dubawa a madubin likita. Sai suka tarar kusan rabinsu ko fiye suna da ɓoyayyen kumburi a hanji, kuma a wasu ya yi kama da farkon cutar Kuron. Wani bincike da aka wallafa daga wannan jami'a a 2013 ya sake samun irin wannan kumburi a kashi 46 cikin 100 na majinyatan da aka duba.

Akwai kuma wata tsohuwar shaida. An daɗe da sanin cewa wasu mutane, mako ɗaya zuwa huɗu bayan sun yi gudawa sakamakon cin gurɓataccen abinci mai ɗauke da ƙwayoyin Salmonella, Shigella, Campylobacter ko Yersinia, sai gwiwa ko idon sawu ya kumbura, wani lokaci har da ƙugu da ido. Idan an zuƙo ruwan gaɓar aka shuka shi a ɗakin gwaji, ba a samun ƙwayar cuta mai rai, amma ana samun ɓurɓushinta. Wannan ya tabbatar da cewa abin da ya faru a hanji yana iya kunna wuta a gaɓar da ke nesa da shi.

Gado da darasin ɓerayen Dallas

A shekarar 1973, ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Los Anjeles, suka gano cewa akasarin masu ƙagewar ƙashin baya suna ɗauke da wata alama ta gado a jikin ƙwayoyin halittarsu mai suna HLA-B27. Aikin irin wannan alama shi ne ɗaga gutsattsarin furotin a bayan ƙwayar halitta domin dakarun garkuwar jiki su duba su tantance ko na gida ne ko na baƙo. A tsakanin Turawa, kimanin kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna da ita, alhali a cikin jama'a gaba ɗaya kimanin kashi 8 ne kawai. Sai dai mafi yawan masu ɗauke da alamar ba sa taɓa kamuwa da cutar har ƙarshen rayuwarsu. Ke nan gado shi kaɗai bai isa ba, dole akwai wani abu na biyu.

A 1990, masu bincike a birnin Dallas na jihar Texas, ciki har da Robert Hammer da Joel Taurog, suka dasa wa ɓeraye wannan alama ta ɗan Adam. Ɓerayen suka kamu da kumburin hanji, daga baya kuma da kumburin gaɓoɓi. A 1994 sai aka rene irin waɗannan ɓeraye a cikin keɓaɓɓen wuri da babu ko ƙwayar bakteriya ɗaya, tun daga haihuwa. Ba su yi ciwon hanji ba, ba su yi na gaɓoɓi ba. Da aka sake shigar musu da bakteriyar da aka saba samu a hanji, musamman wata mai suna Bacteroides vulgatus, sai kumburin hanjin ya bayyana. Wannan gwaji shi ne ginshiƙin fahimtar da ake da ita a yau, cewa cutar tana tasowa ne idan gado da bakteriyar hanji suka haɗu.

Wani bincike daga Yammacin Afirka ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. Alamar HLA-B27 ba ta da yawa a akasarin al'ummomin Afirka kudu da Sahara, amma a tsakanin Fulanin ƙasar Gambiya an same ta a kimanin kashi 6 cikin 100, kusan daidai da Turawa. Duk da haka, binciken da aka wallafa a 1997, wanda ya duba sama da mutum 1,000, bai samu ko mutum ɗaya mai ƙagewar ƙashin baya ba. Masu binciken sun kammala da cewa akwai wani abu da ke kare su, ko dai wani gadon na daban ko kuma yanayin rayuwa.

Su wane ne mazauna hanji?

Ƙiyasin da masana a Isra'ila suka fitar a 2016 ya nuna cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikinsa, kuma mafi yawansu suna cikin babban hanji. Nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Galibinsu abokan zama ne masu amfani. Suna narkar da dusa da zaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa, suna samar da wani sinadari mai suna butiret wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe babban hanji. Suna kuma horar da garkuwar jiki tun daga ƙuruciya ta san abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale. Tsakanin wannan runduna da jinin mutum babu komai sai majina da shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak.

A masu kumburin hanji, an sha ganin cewa ire-iren bakteriyar sun ragu, kamar kasuwar da 'yan tsirarun dillalai suka mamaye. A 2008 masu bincike a Faransa suka nuna cewa wata bakteriya mai samar da butiret, Faecalibacterium prausnitzii, tana ƙaranci a masu cutar Kuron, kuma waɗanda suka fi rashinta sun fi saurin ganin cutar ta dawo bayan tiyata. Wata kuma mai suna Ruminococcus gnavus, mai cin majinar hanji, tana ƙaruwa a lokacin da cutar ta motsa. A 2017 wata tawagar Faransa ta samu wannan bakteriya ta biyu da yawa a bayan gidan masu amosanin ƙashin baya, kuma yawanta yana tafiya da tsananin ciwon. A shekarar ce kuma masu binciken Ghent suka danganta wata mai suna Dialister da tsananin cutar.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Ganin wata bakteriya ta yawaita a jikin marar lafiya ba ya nufin ita ta haddasa ciwon, domin kumburin kansa da magungunan da ake sha suna canza mazauna hanji. Sakamakon bincike kuma yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa saboda bambancin abinci. A shekarun 1970 Farfesa Alan Ebringer na Landan ya ɗora laifin a kan bakteriyar Klebsiella, ya kuma ba da shawarar rage cin abinci mai sitaci, amma manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar da wannan a matsayin magani ba.

Ta wace hanya hanji ke taɓa baya?

Masana suna bin hanyoyi uku da ba sa cin karo da juna. Ta farko ita ce yoyon bangon hanji. Idan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar suka saki, ɓurɓushin bakteriya yakan shiga jini ya zaburar da garkuwar jiki a wurare masu nisa. Masu bincike a Palermo ta ƙasar Italiya sun nuna irin wannan rauni a hanjin masu ƙagewar ƙashin baya.

Ta biyu ita ce ƙaurar dakarun garkuwa. Ƙwayoyin da aka horar a hanji suna ɗauke da wata alama da ke mayar da su can, kamar adireshi a bayan wasiƙa. An samu ƙwayoyi masu irin wannan alama a ruwan gaɓoɓi da ɓargon majinyata, abin da ke nuna cewa wasunsu sun bar hanji sun yada zango a gaɓa.

Ta uku ita ce kama da wane. A ƙarshen 2022 masu bincike daga Amurka da Ingila suka wallafa cewa wasu dakarun garkuwa da aka samu a gaɓoɓi da idanun majinyata suna gane gutsuren furotin na bakteriya da kuma wani gutsure na jikin mutum mai kama da shi, idan HLA-B27 ce ta ɗaga su. Wato sojan da aka tura ya kamo baƙo sai ya far wa ɗan gida saboda sun yi kama.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai sinadaran aika saƙo da cututtukan biyu suka yi tarayya a kansu, musamman TNF da IL-23 da IL-17. A 2006 aka gano cewa bambance-bambance a ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon IL-23 suna da alaƙa da cutar Kuron, shekara guda bayan haka kuma aka samu irin wannan alaƙa da ƙagewar ƙashin baya.

Abin da magunguna suka koyar

Da cututtukan biyu abu ɗaya ne, da maganin ɗaya ya yi wa ɗayar aiki. Gwaji ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Allurai masu toshe TNF irin su infliximab da adalimumab suna aiki a hanji da baya duka. Amma etanercept, wadda ita ma TNF take toshewa, tana taimakon baya ba ta taimakon cutar Kuron. Secukinumab, mai toshe IL-17, tana da ƙarfi a kan ciwon baya, amma da aka gwada ta a masu cutar Kuron aka wallafa sakamakon a 2012, ba ta yi amfani ba, wasu ma ciwonsu ya ƙaru, domin IL-17 tana cikin masu kula da lafiyar bangon hanji. Su kuwa magungunan da ke toshe IL-23, kamar ustekinumab da risankizumab, suna aiki a hanji amma sun gaza a gwajin ƙashin baya. Wasu sababbin ƙwayoyi kamar upadacitinib an amince da su a ɓangarorin biyu.

Wannan yana da muhimmanci ga majinyaci kai tsaye. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kowane kemis, su ne matakin farko na kula da ƙagewar ƙashin baya, amma suna iya tayar da kumburin hanji, su haddasa gyambon ciki, su kuma illata ƙoda idan aka daɗe ana sha. Wanda ke da ciwon baya da gudawa tare bai kamata ya riƙa shan su ba tare da likita ya san halin cikinsa ba.

Batun gyara mazauna hanji kai tsaye kuwa har yanzu yana matakin gwaji. Dashen bakteriya daga bayan gidan mai lafiya zuwa hanjin marar lafiya ya tabbata yana warkar da gudawar da ƙwayar Clostridioides difficile ke haddasawa, kamar yadda wani gwaji a Amsterdam ya nuna a 2013, kuma ya taimaki wasu masu kolaitis. Amma a wani gwaji a Denmark da aka wallafa a 2021 kan wani amosani ɗan uwan wannan, mai tafiya da cutar fata, waɗanda aka yi wa dashen sun fi waɗanda ba a yi wa ba shan wahala. Haka nan ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake tallatawa a shaguna da shafukan intanet ba a tabbatar suna maganin ƙagewar ƙashin baya ba.

Inda lamarin ya shafe mu

A da ana ɗaukar kumburin hanji a matsayin cutar Turawa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya, Kudancin Amurka da Afirka da ke samun bunƙasar birane da masana'antu. Ana zargin sauyin abinci, yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kuma shan taba. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganyaye, da yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren bakteriya, sun kuma fi yawan sinadarai irin su butiret. Binciken bai ce gero yana hana cuta ba, amma ya nuna cewa abin da ke cikin kwano yana tsara waɗanda ke cikin hanji. Mazaunin birni da ya sauya tuwon dawa da miyar kuka da ɗanwake da zogale ya koma farin burodi da taliyar leda da lemon kwalba, ya rage wa abokan zamansa abinci.

Akwai kuma haɗarin ruɗani wajen gano cutar. A Najeriya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa, tarin fuka na hanji yana kama da cutar Kuron ƙwarai, na ƙashin baya kuma yana iya kama da amosani. Atinin amiba yana kama da kolaitis, ciwon sikila ma yana kawo ciwon ƙashi da ƙugu. Kuskure a nan yana da tsada, domin magungunan da ke danne garkuwar jiki suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance. Shi ya sa ake wajabta gwajinsa, da na ciwon hanta nau'in B, kafin a fara allurai masu toshe TNF. Haka kuma, tunda HLA-B27 ba ta da yawa a yankinmu, rashin samunta a gwajin jini ba ya kore cutar.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Nazarce-nazarce a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa masu ƙagewar ƙashin baya kan shafe kimanin shekara 6 zuwa 7 kafin a gano ainihin abin da ke damunsu, kuma ƙashin da ya riga ya haɗe ba ya rabuwa. Don haka duk wanda ciwon bayansa ya fara kafin shekara 45, ya wuce wata uku, yana tashinsa da dare, yana sauƙi da motsi, ya nemi ganin likitan amosani ko na ƙashi a babban asibiti. Idan akwai gudawar da ta wuce wata guda, jini ko majina a bayan gida, rama ba dalili, ciwon dunduniya, jan ido mai zafi, ko wani a dangi mai irin wannan ciwo, ya faɗa wa likita duka a zama ɗaya, ko da yana ganin ba su da alaƙa. Jini a bayan gida ba kullum ne basir ba.

Gwaje-gwajen da ake yi sun haɗa da na jini don auna kumburi, hoton ƙugu, hoton MRI wanda ke nuna kumburi tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna, gwajin bayan gida mai auna sinadarin kalfurotektin, da kuma leƙa hanji da na'ura idan akwai buƙata.

Kafin nan da bayan nan, akwai abubuwan da ke hannun majinyaci. Motsa jiki da miƙe baya a kowace rana suna cikin ginshiƙan kula da ƙagewar ƙashin baya, kuma ma'aikacin da ke wuni a kujera ya riƙa tashi yana takawa lokaci-lokaci. Barin taba yana da amfani, domin tana tsananta cutar Kuron da lalacewar ƙashin baya. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. Mai lafiya ya riƙe hatsi da wake da ganye a abincinsa, amma wanda aka tabbatar yana da cutar Kuron, musamman idan hanjinsa ya tsuke, ya nemi shawarar likitansa kafin ya ƙara abinci mai dusa, domin a wajensa yana iya toshe hanji.